Hutu a Yankari: kafin ki haɗa kaya, tsara inda kowa zai kwana

Hutun makaranta ya ƙarato, kuma na san a gidaje da yawa an fara maganar inda za a kai yara su sha iska. Idan maigida ya ce a shirya za a yi tafiya, lissafinsa ba ya wuce man mota, lafiyar taya da kuɗin shiga. Yara kuwa giwa da wanka kawai ke ransu. Ke ce za ki tuna cewa bayan an gama yawo rana za ta faɗi, mutum bakwai ko takwas su tsaya a bakin ƙofa da jakunkuna, kowa na jiran a nuna masa inda zai sa haƙarƙarinsa. In ba a tsara wannan tun daga gida ba, ke za ki kwana a zaune, jariri a cinya, ƙafar wani yaro a gadon bayanki, ki dawo daga hutu kin fi lokacin da kika tafi gajiya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na daɗe ina aikin dare a ɗakin yara. Da dare zazzaɓi ke tashi, da dare tari ke tsananta, kuma da dare ake shigo mana da yaron da ya faɗo daga gado. Shi ya sa duk ɗakin otal ɗin da na shiga, da idon aiki nake kallonsa. Yau zan ɗauki Yankari a matsayin misali, domin nan ne wurin da iyalai da yawa a Arewa ke fara tunawa in an ce hutu. Amma mafi yawan abin da zan faɗa zai yi miki amfani a duk wurin shaƙatawar da kuka nufa.

Wurin da za ku

Gandun dajin Yankari yana jihar Bauchi, a ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a watan Disamba na 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, daga baya ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Daga garin Bauchi hanyar Gombe za ku ɗauka. In kun iso Dindima sai ku saki titin ku yi kudu, har ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take. Kada yara su fara tsallen an iso, domin daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran sama da kilomita 40 a cikin daji. Gaba ɗaya tafiyar daga Bauchi takan ci kamar awa biyu.

Ki riƙe wannan nisan a ranki, domin shi ne tushen duk maganarmu. A cikin gari, in ɗaki bai yi miki ba, tsallaka titi za ki yi ki nemi wani otal. A tsakiyar daji babu wannan damar. Ɗakin da kika samu da shi za ki kwana, maganin da kika zo da shi kuma shi ne a hannunki. Babban asibiti, wato Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, yana can cikin garin Bauchi.

Masaukin Wikki ba dogon bene ba ne mai ɗakuna a jere. 'Yan gidaje ne a warwatse cikin itatuwa, ɗakuna sama da ɗari, tun daga na kwanan ɗalibai masu gadaje da yawa, zuwa ɗaki ɗaya mai banɗaki, zuwa ciki da falo, har na manyan baƙi. Akwai wurin cin abinci, akwai gidan tarihi inda yara za su ga fatu, ƙasusuwa, haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Daga nan motocin zagaya daji ke tashi, a kai ku wajen kogin Gaji inda dabbobi ke zuwa shan ruwa: gwanki, ɓauna, gwambaza, kada, in an taki sa'a har giwa. Ana kuma kai baƙi kogunan Marshall, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse.

A ƙasan masaukin, bayan an sauka dogon matakala, nan ruwan ɗumi na Wikki yake. Yana fitowa daga ƙarƙashin wani katon dutse, garai-garai har kina ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa ba ya sauyawa daga digiri 31, rani da damina. Wannan ruwan shi ne abin da yara ba sa mantawa, shi ne kuma abin da ya fi kamata ki sa a lissafi wajen zaɓen ɗaki.

Ƙirga mutanenki kafin a ƙirga kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin maigida ya buga waya ya kama ɗaki, ki zauna da takarda ki rubuta sunan duk wanda zai shiga motar, da shekarunsa. Ki sa har da 'yar aiki da direba, da ɗan ƙanwar maigida da aka ce a tafi da shi. Sannan ki raba su: ma'aurata, jariri, ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, 'yan mata, samari, tsofaffi, da waɗanda ba muharramai ba. Yawan waɗannan rukunoni shi zai gaya miki ɗaki nawa kuke buƙata. Iyali mai mutum biyar, uba da uwa da ƙananan yara uku, ciki da falo ya ishe su. Wani iyalin mai mutum biyar ɗin, amma da budurwa 'yar shekara 14 da saurayi ɗan 16, ba za su shiga wuri ɗaya ba ko da ɗakin ya kai filin ƙwallo.

Addininmu ya riga ya sauƙaƙa mana wannan tsarin. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya koyar da a raba wa yara wurin kwanciya idan sun kai shekara goma. Aya ta 58 a Suratun Nur kuma ta ambaci lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wurin iyaye: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya a huta, da bayan sallar isha'i. Tafiya ba ta ɗauke wannan tarbiyya ba. A gida bango da labule ke taimaka miki, a masauki kuwa sai kin nemi abin da zai maye gurbinsu.

Idan kuɗin ne bai kai ba, ga wani lissafi da za ki kawo wa maigida cikin ruwan sanyi. Ɗaki ɗaya na kwana huɗu da ɗaki biyu na kwana biyu, in iri ɗaya ne, kuɗinsu ɗaya. Kwana biyu sun isa a zagaya daji, a yi wanka, a shiga gidan tarihi. Gara a rage kwanaki kowa ya yi barci, da a tsawaita a dawo ana fushi da juna.

Ciki da falo, ko ɗaki biyu?

Ga mai ƙananan yara, ciki da falo ya fi min komai. Kuna ƙarƙashin rufi ɗaya, kina jin tarin yaro, kuma akwai ƙofa tsakaninku. Sai dai ki lura da abu biyu. Na farko, ƙofar fita waje a falo take. In kin shimfiɗa wa yara katifa a falo kuka shige ciki, kin bar ɗan shekara huɗu shi da ƙofar daji. Ko dai babba ya kwana a ɓangaren da ke kusa da ƙofar, ko a kulle a zare makulli a ajiye shi a sama, inda duk manya suka sani kuma hannu zai kai gare shi cikin duhu in wani abu ya taso. Na biyu, ki tambaya ina banɗakin yake. In a cikin uwar ɗaka yake, ki san cewa duk mai jin fitsari ta kanku zai bi.

Ga mai manyan yara kuwa, ɗaki biyu ne mafita, amma ki nemi waɗanda ke jikin juna ko suke kallon juna. Da yake gidajen a warwatse suke, kada ki ɗauka lamba ta bin lamba tana nufin maƙwabtaka. Ki faɗa ƙarara cewa kina son ɗakunan da in kin tsaya a ƙofar ɗaya kina ganin ƙofar ɗayan.

Tsarin da muka bi da muka je da yaranmu shi ne maza da maza, mata da mata. Maigida ya kwana da samarin, ni na kwana da 'yan matan da auta. Kowane ɗaki da babba a ciki, hankalin kowa a kwance. Gaskiya ne wannan tsarin ya raba ki da maigida na 'yan kwanaki. Shi ya sa yana da kyau ku faɗa wa juna gaskiya tun a gida: wannan tafiyar ta yara ce. Taku ta ku biyu a sa mata rana daban, a bar yara wajen kakarsu.

Jariri

Gadon otal ba irin na gida ba ne. Yakan yi tsawo, katifar ta yi laushi, ga tulin matasan kai da bargo mai nauyi. Duk waɗannan haɗari ne ga jariri, domin fuskarsa na iya nutsewa a ciki ya kasa ɗagowa. Shawarar likitocin yara ita ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla watanni shida na farko, amma a shimfiɗarsa daban, mai ƙarfi, shafaffiya, a kwantar da shi a rigingine, ba filo ba 'yar tsana. In kina da ƙaramin gadon jariri mai naɗewa, ki ba shi wuri a but ko da za a rage wata jakar.

Na san da yawanmu da jariranmu muke kwana, ga shayarwar dare. In haka za ki yi, ki roƙi a sauke katifar ƙasa, ki matsar da ita daga jikin bango don kada ya faɗa tsakani. Ki kwantar da shi ta gefenki, kada ki sa shi tsakaninki da babansa, kuma kada wani yaro ya hau wannan shimfiɗar. Yaron da ya wuni yana iyo barcinsa nauyi gare shi, zai iya danne ƙaninsa bai sani ba. In kin sha maganin mura mai sa barci, ranar jariri ya kwana daban. Kada kuma barci ya sace ki da shi a kan kujerar falo, nan ya fi gado haɗari.

'Yan tsakiya

Ɗan shekara biyu zuwa shida shi ne mai juyi. Katifa a ƙasa ta fi masa, musamman da yake daɓen ɗakuna irin waɗannan yakan zama tayil ko siminti. In ɗakin mai gado hawa biyu ne, yaron da bai kai shekara shida ba ba ya hawa sama, ko da zai yi kuka har ya gaji. In tsautsayi ya sa yaro ya faɗo ya bugi kai, ki sa masa ido. Amai a kai a kai, barcin da ba ya tasuwa, jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamu ne na a kama hanyar asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Yaron da ya farka a baƙon wuri ba ya gane gabas. Zai nemi banɗaki ya buɗe ƙofar waje. Tun da rana ki zagaya da su ɗakin ki nuna musu, ki bar 'yar fitila mai caji a kunne a kusa da banɗaki.

Mai fitsarin kwance kuma ki rufa masa asiri. Ki zo da ledar shimfiɗa da zanin gado biyu daga gida, ki shimfiɗa masa ba tare da sanarwa ba. Ki rage masa shan ruwa da lemo dab da barci, ya zaga kafin ya kwanta. Kada ki haɗa shi shimfiɗa da 'yan'uwan da za su dawo gida suna yi masa waƙa. Hutun da ya kamata ya zama abin tunawa zai iya zame masa abin kunya na shekaru.

Maganar da ba a son yi

A tafiyar dangi ana yawan cewa a tara yaran duka a ɗaki ɗaya, ai duk 'yan'uwa ne. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mafi yawan yaran da ake lalatawa, wanda suka sani ne ke cutar da su, kuma mu da ke asibiti mu ake kawo wa su daga baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba zargin ɗan kowa nake ba, kuma ke ma ba sai kin zargi kowa ba. Ki kafa ƙa'ida ɗaya da ta hau kan kowa: ƙananan yara, maza da mata, ba sa kwana da samari ba tare da uba ko uwa a ɗakin ba, kuma kowane yaro da mayafinsa. In ƙa'idar ta kowa ce, ba wanda zai ji an nuna shi da yatsa.

'Yar aikinki amana ce a hannunki. Wurinta ɗakin 'yan mata, da katifarta da gidan sauronta. Ba a tura ta ɗakin kwanan baƙin da ba a sani ba, ba a kuma bar ta a baranda. Kada ki damƙa mata jariri cikin dare bayan ta wuni tana bin yara. Direba shi ma a kama masa wurin kwana a cikin lissafin tafiya. Mutumin da ya kwana a mota sauro na cizonsa, shi ne gobe zai riƙe sitiyari da 'ya'yanki a baya.

Hajiya da abokiyar zama

In za a tafi da surukarki ko mahaifiyarki, a nema mata ɗakin da ke kusa da wurin cin abinci, marar hawa da sauka. Saboda kunya, kada bangonta ya haɗu da naku. A haɗa ta da babbar jikarta mace, mai iya miƙa mata buta da tocila. Ki duba santsin banɗakin da kanki, domin karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce. Ki ƙirga mata maganin hawan jini ko na suga har da rarar kwana biyu. In tana allurar insulin, ki tabbatar da inda za a ajiye ta cikin sanyi. Matakalar da ke sauka zuwa ruwan Wikki tana da tsawo ga mai ciwon gwiwa, a bi da ita a hankali ana hutawa.

In kuma da abokiyar zamanki za a tafi, kowacce da ɗakinta, kuma ɗakunan su zama iri ɗaya. In aka ba ɗaya ciki da falo, ɗaya ɗaki guda, an sayi rigimar da za ta fi hutun tsawo. Maganar rabon kwana a gama ta a gida, maigida ya faɗa a gaban kowa. Ki tuna masa cewa kwana uku ba ya rabuwa biyu.

Ina ɗakin yake a cikin masaukin?

Kowa na son ɗakin da ke kusa da ruwa. Mai ƙananan yara ta nemi wanda ya ɗan yi nisa. Yaron da ya ɗanɗana wankan Wikki da yamma, da shi zai kwana a rai, kuma da asuba kina salla zai iya zamewa. Wajen da ruwan ke ɓuɓɓugowa zurfinsa ya kusa mita biyu, ya shanye babba. Can ƙasa ne yake raguwa. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, shiru yake tafiya cikin ɗan lokaci. A bakin ruwa kada ƙaramin yaro ya wuce inda hannunki zai kai, kuma a ambaci sunan babban da ke gadi, kada kowa ya ɗauka wani na kallo.

Ki tambayi inda janareto yake, ki nisance shi. Ban da ƙara, hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Saboda wannan dalilin, kada a shiga da gawayi ɗaki don jin ɗumi ko turare a rufe ƙofa a kwanta. In lokacin bukukuwa ne, kamar Sallah ko ƙarshen shekara da wurin ke cika, ɗakin da ke jikin wurin taruwar jama'a zai hana jariri barci.

Sai maƙwabtanku na dole, wato birai. Gwaggon biri a Wikki ɗan gida ne, yana yawo tsakanin ɗakuna shi da gadu. Ya san leda, ya san kular abinci, ya kuma iya murɗa hannun ƙofa. Tura ƙofa kawai bai isa ba, sai an murɗa makulli, kuna ciki ko kuna waje. Ki duba kowace taga tana kulluwa. Kada yaro ya fita da biskit ko ayaba a hannu, kada kuma a ba biri abinci don a ɗauki hoto. In ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a duba batun allurar rigakafi, ko da ciwon ƙarami ne.

Lokacin da kuka je shi ke zaɓar muku ɗaki

An fi ganin dabbobi da rani, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Amma ranin iri biyu ne. A Disamba da Janairu hunturu ne, dare da asuba akwai sanyi sosai. Ki zo da bargunan yara da rigunan sanyi, ki tambaya ko akwai ruwan zafi. Uwar mai sikila ta fi kowa kula a nan: yaro ya fito daga ruwan ɗumi iskar hunturu ta buge shi, wannan kaɗai na iya tayar masa da ciwo. Ya yi wankansa da rana tsaka, a goge shi a sa masa kaya nan take, ya sha ruwa da yawa, kuma shimfiɗarsa ta yi nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki. Mai asma kuma maganin shaƙarsa ya kwana a ƙarƙashin filonki, ba a cikin mota ba.

A Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani. A nan tambayar wuta ta fi komai: daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake ba da ita, kuma in ta ɗauke akwai tagogi masu raga da za a buɗe? Fanka mai caji tana da rana. Mutum shida a ɗaki ɗaya cikin zafin Afrilu azaba ce, jariri kuma shi ke fara galabaita.

Sauro

Daji ne, ga ruwa, don haka kada ki dogara da cewa za ki tarar da gidan sauro. Ki zo da naki mai magani, ɗaya ga kowace shimfiɗa, da igiya mai tsawo, tunda ba za ki buga ƙusa a bangon mutane ba. Irin mai tsayawa da kansa kamar tanti ya fi sauƙi ga katifar ƙasa. In sabo ne, ki shanya shi a inuwa na kwana ɗaya kafin tafiya. Maganin sauro na shafawa ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, manyan yara kuma a kauce wa tafin hannu, ido da baki. In za a fesa maganin sauro a ɗaki, a yi lokacin da kuka tafi cin abinci, a bar iska ta shiga kafin a kwanta. Na ƙonawa a rufaffen ɗaki yana tayar da tari da asma.

Wajen zagaya daji akwai ƙudan tsando, mai cizo da rana. Yana bin baƙi da shuɗi, don haka a sa wa yara kaya masu haske, masu dogon hannu.

Ki kuma san cewa zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana washegari. Yakan ɗauki aƙalla mako ɗaya, galibi kwana 10 zuwa 15 bayan cizon. In yaro ya yi zazzaɓi bayan kun dawo, a yi masa gwaji kafin a ba shi magani, ki kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya inda kuka je.

Abin da za a tambaya a waya

Hoton intanet ba ya nuna girman gado. Ki sa a turo miki bidiyon ainihin ɗakin ta WhatsApp, har da banɗaki. A tambaya gado nawa ne kuma mutum nawa yake ɗauka, ana ba da ƙarin katifa ko a zo da ita, nawa ne kuɗinta, mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki, akwai firiji, ƙarfe nawa ake karɓar makulli kuma ƙarfe nawa ake mayarwa. Duk abin da aka amince a kai a rubuto shi a saƙo, da lambar ɗakin in zai yiwu. A tambayi halin da hanya ke ciki a makon tafiyar, a kuma tsara isowa da rana. Ki riƙe tsabar kuɗi, domin a daji ba a dogara da sabis ɗin waya.

Minti goma na farko

In kun iso, yara su dakata a mota da babansu, ke ki shiga da ma'aikacin. Ki ɗaga zanin gado ki duba ɗinkin katifa: ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce. Ki gwada makulli da sakata, ki duba ragar taga, ki buɗe famfo, ki leƙa ƙarƙashin gado da tocila. Soket ɗin da ke ƙasa ko waya a fili, a kare su da jaka. Bokitin ruwa a banɗaki a rufe shi ko a juye, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe in ya faɗa da ka. In wani abu bai yi miki ba, ki nemi canji cikin mutunci tun rana na sama, kafin a baje kaya.

Daga nan ki zaɓi wuri ɗaya a sama ki ajiye jakar magani: ma'aunin zafin jiki, farasitamol na yara, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink saboda gudawa, filasta, da maganin duk mai ciwo na kullum. Tocila da makulli su kwana wuri ɗaya kowane dare. Ki tambayi ma'aikata inda za a same su in wani abu ya faru cikin dare, kuma motarku ta kwana da isasshen mai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kika san wanda ke juyi cikin 'ya'yanki, da mai tsoron duhu, da wanda ba ya barci sai ya riƙe gefen zaninki. Ki sa baki a zaɓen ɗakin tun kafin a tura kuɗi, kada ki bari sai kun tsaya a bakin ƙofa. Waɗanda suka taɓa zuwa da iyali, ku gaya mana yadda kuka raba naku ɗakunan don wasu su ƙaru. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.